Malam Nasuhu Mai Sanda, Mutumin Bosniya da Ya Zana Hanyar Bagadaza

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



In an zo shafin tarihin magabata a ɗan littafin tunawa irin wannan, abin da aka saba shi ne a kawo malamin fiƙihu, ko mai jihadi, ko wani shehin ɗariƙa. Wanga karo mun ɗan kauce. Mutumin da za mu ba ku labarinsa soja ne, malamin lissafi ne, marubucin tarihi ne, yana kuma tsara baitoci. Amma abin da ya riƙe sunansa har yau, shekara fiye da 450 bayan rasuwarsa, zane ne. Da gangan muka zaɓe shi. Mun san a cikinmu akwai waɗanda Allah ya ba hannun zane, suna ɓoye kayen zanensu ƙarƙashin tabarma don kada a ce sun zama ƴan wasa, ko ma a ce sun faɗa saɓo. Akwai kuma ƴan lise masu kan lissafi, da ke jin kamar abin da suke koyo da safe a lakwal da abin da suke koyo da yamma a islamiyya ba su san juna ba. To, ga Nasuhu Matrakci, ku dube shi.

Kafin mu yi nisa, a gyara abu guda. In an ce Daular Usmaniyya a ƙasar Hausa, hankali Sakkwato yake tafiya. Wadda muke nufi a nan ita ce ta Turkawa, mai fada a Istambul, wadda ta girmi jihadin Shehu da shekara wajen 500. Ba ta kuma yi mana nisa yadda ake zato ba. A 1551, Nasuhu na da rai, ta karɓi Tarabulus, bakin hanyar fataken da ke gangarowa ta Fazzan da Kawar zuwa Barno. Ko a Agadas, labarin baka na gidan sarauta daga Istambul yake jawo asalin sarkinsu na farko.

An haifi Nasuhu wajen 1480, kuma ba Baturke ba ne. Mutumin Bosniya ne, ƙasar duwatsu da dazuzzuka a kudu maso gabashin Turai, ana danganta shi da garin Bisoko kusa da Sarayebo. Turkawa sun ci Bosniya a 1463, kun ga ke nan bai fi shekara ashirin tsakanin cin ƙasar da haihuwarsa ba. A wani littafinsa ya rubuta sunansa Nasuhu ɗan Abdullahi. A wani kuma ya rubuta Nasuhu ɗan Karagoz, mutumin Bosniya. Karagoz da Turkanci mai baƙin ido ke nan. Shi kuwa “ɗan Abdullahi”, a al'adar magatakardan wannan daula, shi ne sunan da ake sa wa wanda ya musulunta, a madadin sunan uban da ba musulmi ba. Shi ya sa masana tarihi ke ganin gidansu bai daɗe da shiga Musulunci ba.

A lokacin akwai wani tsari da ake kira dabshirme. Jami'an sarki kan shiga ƙauyukan Kirista na yankin Balkan su zaɓi yara maza masu lafiya da kaifin kai, a kawo su Istambul, a musuluntar da su, a yi musu tarbiyyar soja ko ta mulki. Kada mu shafa wa abin mai: raba yaro da uwarsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma da wuya a samo masa gindi a shari'a. Bosniya ce aka keɓe, inda ko ƴaƴan musulmi ana ɗauka, don iyayen da kansu sun ga ƙofar ɗaukaka ce. Ta nan yaran Bosniya da yawa suka shiga fada, har wasunsu suka kai wazirci, irin su Sokollu Mehmed Basha. Nasuhu na cikin yaran Bosniya da suka tashi a makarantar cikin fada, wadda ake kira Endarun, zamanin Sarki Bayazidu na biyu da ya yi mulki daga 1481 zuwa 1512. Lokacin ne Askiya Muhammadu ke kan gado a Gawo.

Wannan makaranta ita ce mabuɗin komai a rayuwarsa. A can ba a raba yaro biyu, a ce wannan na littafi ne, wancan na filin wasa ne. Yaro ɗaya zai yi Alƙur'ani da fiƙihu, ya yi Larabci da Farisanci da Turkanci, ya koyi kyan rubutu da lissafi, sannan ya fita ya yi harbin baka, sukuwa da kokowa. Kowa kuma sai ya riƙe sana'ar hannu guda. Ko ƴaƴan sarki ba a ɗaga musu ba. Sarki Sulaimanu Ƙanuni, wanda Nasuhu ya fi daɗewa yana yi wa aiki, maƙerin zinariya ne, mawaƙi ne kuma, yana sa hannu a waƙoƙinsa da laƙabin Muhibbi. Saboda haka in kun ji mutum ɗaya ya haɗa takobi da lissafi da alƙalami, a wancan gida ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne yadda Nasuhu ya kai kowane ɗayansu matuƙa.

Littafinsa na farko na lissafi ne. Ya gama shi a 1517, shekarar da Sarki Salimu na ɗaya ya ci Alƙahira har Makka da Madina suka shiga ƙarƙashin kulawar daular, kuma shi ya miƙa wa littafin. Sunansa Jamalul Kuttab wa Kamalul Hussab, wato adon magatakarda da cikar masu lissafi. Da Turkanci ya rubuta shi, ba da Larabci ba, don ba manyan malamai ya nufa ba. Magatakardan baitulmali ya nufa, masu ƙirga haraji da albashin soja da awon hatsi. Akwai lambobi, tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, da ma'aunai. A 1533 ya sake shi ya faɗaɗa, ya kira shi Umdatul Hisab.

Cikin dabarun ninkawa da ya koyar akwai wadda Larabawa ke kira shabaka, wato raga. Ku ɗauko bik ku gwada, ga misali namu. Kuna son 47 sau 36. Ku zana murabba'i mai gida huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kamar ƙaramin hatimi. Ku rubuta 4 da 7 a bisansa, 3 da 6 a gefen dama suna gangarowa. Kowane gida ku raba shi biyu da layin karkace, daga kusurwar dama ta sama zuwa kusurwar hagu ta ƙasa. Sai ku cika gidajen, goma-goma a saman layi, ɗai-ɗai a ƙasansa: 12 da 21 a jerin sama, 24 da 42 a jerin ƙasa. Yanzu ku tara abin da ke cikin kowane karkace, kuna farawa daga ƙasan dama. Za ku sami 2, sai 9, sai 6, sai 1. Ku karanta daga baya: 1692. Daɗin dabarar shi ne ta raba aikin ninkawa da aikin tarawa, mutum ba ya riƙe komai a ka, kuma in an yi kure ana ganin gidan da kuren yake. Ba shi ya ƙago ta ba. Ibnul Banna na Marrakesh ya rubuta ta fiye da shekara 200 kafin shi. Aikin Nasuhu shi ne ya sauko da ita inda yaron fada da magatakarda za su iya ɗauka. Ku riƙe wannan hali nasa na shirya abu gida-gida yadda ido zai gani, za mu sake haɗuwa da shi.

Wajen 1520 ya je Masar, zamanin da Hairu Bek ke riƙe da ita. Mamalik ɗin Masar, ko da yake an ci su da yaƙi, babu wanda ya kai su sanin wasan mashi da takobi bisa doki, har littattafai suke da su a kai. Nasuhu ya shiga filayensu ya kara da gwanayensu, ya fito da suna. Daga nan ne ya tsara wasan da ya ba shi laƙabi. Matrak sanda ce, kalmar daga Larabci take, kuma daga wannan tushe ne Faransanci ya aro sunan kulkin da ƴan sanda ke riƙewa. Ɗaliban da suka taɓa fita zanga-zanga sun san ta, ba sai an yi musu bayani ba. Sandar Nasuhu dai ta koyo ce: icce ne mai ƙarfi, an naɗe kansa da abu mai taushi, ɗaya hannun kuma ana riƙe ɗan matashi a matsayin garkuwa. Mutum biyu ke karawa, kowa na neman taɓa kan ɗan'uwansa. Ba sharo ba ne da ake tsayawa a sha bulala. Wasa ne na ƙafa da ido da sanin tazara, soja ya koyi sara da kariya ba tare da an zubar da jini ba. Matrakci ke nan, mai sanda. Wasan ya daɗe a fada bayansa, har Sarki Muradu na huɗu ya shahara da shi shekara ɗari baya.

A 1529 ya rubuta Tuhfatul Guzat kan baka, takobi, garkuwa, kulki, mashi da hawan doki. A 1530 aka yi bikin kaciyar ƴaƴan Sarki Sulaimanu uku, Mustafa da Mehmed da Salimu, a babban filin dawaki na Istambul, aka yi makonni ana shagali. Nasuhu ya ƙera birane biyu na wucin gadi masu hasumiyoyi da ƙofofi, waɗanda ake iya turawa, ya zuba mayaƙa a ciki, aka yi wasan yaƙi gaban sarki. Sarki ya ba shi takardar shaida ta cewa shi ne ustazu kuma shugaba a wannan fanni. A tsakanin nan kuma, tun 1520, yana fassara tarihin Imam Ɗabari daga Larabci zuwa Turkanci, Ɗabarin nan dai mai tafsiri da muke ji a bakin malamanmu, yana kuma ƙara masa labarin zamunan da suka biyo baya.

Da a nan ya tsaya, da yau sai masu tonon tsofaffin takardu za su san shi. Abin da ya raba shi da sauran ya zo ne daga wata tafiya.

A 1533 yaƙi ya tashi tsakanin Usmaniyawa da Safawiyawan Farisa, ƙarƙashin Shah Tahmasb. Waziri Ibrahim Basha ya yi gaba da runduna, ya yi sanyi a Halab, ya shiga Tabriz a 1534. Sarki Sulaimanu ya baro Istambul a watan Yuni na shekarar, ya bi ta Konya, Siwas da Arzurum, ya cim masa. Nasuhu na cikin tafiyar. Shah ya ƙi tsayawa a yi gaba da gaba, sai ya dinga ja da baya yana ƙone abinci da ciyawa. Daga Sulɗaniyya zuwa Hamadan zuwa gangaren Iraƙi, runduna ta sha wuyar da ba ta sha a hannun abokan gaba ba: dusar ƙanƙara, ruwa, taɓo, dabbobi na mutuwa, har igwa aka dinga bari a hanya. Ƙarshen Nuwamba 1534 suka shiga Bagadaza ba tare da faɗa ba. Sarki ya yi sanyin shekarar a can. Ya sa aka sake gina kabarin Imam Abu Hanifa, aka gyara na Shehu Abdulƙadir Jilani, ya ziyarci Najaf da Karbala. Sai a Janairu 1536 suka koma gida.

A 1537 Nasuhu ya kammala littafin wannan tafiya, Bayanu Manazili Safari Iraƙaini. Iraƙi biyu ana nufin ta Larabawa, wajen Bagadaza, da ta Ajamawa, yammacin Farisa. Manzil kuwa zango ne, yadda fatakenmu suka san shi: inda ayari ke sauka bayan tafiyar yini. Wanda ya taɓa jin madugun Bilma yana lissafa rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, wace ce mai zaƙi, wace ce mai gishiri, kwana nawa tsakaninsu, ya san irin ilimin da ke cikin wannan littafi. Bambancin shi ne Nasuhu bai tsaya ga faɗa ba, ya zana. Zane fiye da ɗari ne a ciki, zango bayan zango, birni bayan birni, da duwatsu da koguna da gadoji da mashigai. Kana buɗe shafi kana tafiya.

Mafi shahara shi ne zanen Istambul, wanda ya cinye shafi biyu. Ruwan mashigin teku ya ratsa tsakiya da jirage a kansa. A gefe ɗaya ga unguwar Galata da doguwar hasumiyarta. A ɗayan ga tsohon birni cikin ganuwarsa, cike maƙil: Aya Sofiya, fadar Topkapi, filin dawakin nan da ginshiƙansa na dutse, masallacin Fatih, masallacin Bayazidu, kasuwa mai rufi, gine-gine wajen 200. Babu masallacin Sulaimaniyya, don sai 1550 aka fara gina shi. A zanen Halab, ƙatuwar ƙal'a ce zaune bisa tudunta, da gwalalo kewaye da ita da gadar shiga. A na Bagadaza, kogin Dijla ya raba gari biyu, gadar kwale-kwale ta haɗa su.

Yadda ya kalli gari shi ne abin lura. Shimfiɗar garin daga sama ya dube ta, kamar shaho: ga ganuwa, ga inda kogi ya shiga, ga inda ya fita. Amma kowane gini a tsaye ya zana shi, yadda mai tafiya a ƙasa zai gan shi, da ƙubbarsa da hasumiyarsa da ƙofarsa. Wasu ma sun juya fuska wani gefe dabam, sai ka karkata littafin. Wanda ya saba da hoton waya zai ce bai iya ba ne. A ganinmu ba haka ba ne. Hoto yana nuna maka abin da mutum ɗaya ya gani daga wuri ɗaya, abin da ke gaba ya rufe na baya. Nasuhu ba ya son komai ya rufe komai. Soja yana son sanin ƙofa nawa ce, hasumiya nawa ce, ta ina ruwa ke shiga. Mai lissafi yana son kowane abu a gidansa, kamar dai ragar ninkawar nan. Idon da ya auna tazarar sanda a filin wasa, shi ne ya auna tazarar masallaci da ganuwa. Duk da haka zanen bai bushe kamar taswirar lakwal ba. Ƙasa na da launi, tsaunuka na da launi, ga itatuwa sun yi fure, ga ciyayi ɗaya-ɗaya an bi su da haƙuri. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tsofaffin gidajen Birni a Damagaram yana kallon zanen bango, ko ya ga zayyanar da alaramma ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu, zai gane wannan jin daɗin launi da tsari.

Sai babban abin: babu mutum ko ɗaya. Littafin yaƙi ne, amma ba soja. Jirage na tafiya bisa ruwa, ba matuƙi. Kasuwa ba mai saye, masallaci ba mai salla. Sarkin da aka yi littafin dominsa, shi ma ba ya ciki.

A nan ne wani zai yi saurin cewa, ai shi ke nan, tsoron Allah ne ya hana shi. Mu bi a hankali. Gaskiya ne maganar zana mai rai magana ce mai nauyi a addini, hadisan da suka yi gargaɗi a kanta ingantattu ne. Gaskiya ne kuma an ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya ba shi shawarar ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Mafi yawan malamai sun halatta zana gida, dutse, kogi, jirgi ko itace. A kan mai rai ne suka yi magana mai tsawo, malamanmu na Malikiyya suka bambanta tsakanin mai jiki da ke yin inuwa da wanda ke shimfiɗe bisa takarda, wasu malaman kuma suka tsananta fiye da haka. Wannan kowa ya zauna da malaminsa. Amma game da Nasuhu, a faɗi abin da ke akwai: a bayan ganuwar garuruwansa za ka ga barewa, zomo da tsuntsaye. A fadar da ya yi aiki kuma akwai masu zane da yawa da ke zana sarakuna da mayaƙa. Saboda haka ba za mu mai da shi hujjar fatawa ba. Abin da za mu iya cewa shi ne mutumin ya zaɓi ya ba wuri haƙƙinsa. Mutane masu wucewa ne a zango, zangon ne ke zama. Ya kuma nuna cewa mai zane zai iya cika littafi guda da aikin da ake kallo shekara ɗaruruwa, ba tare da ya zana fuska ko ɗaya ba. Ɗan'uwa mai ɓoye kaye, wannan filin a buɗe yake, kuma faɗinsa ya fi yadda kake zato.

Waƙa fa? A zamaninsa ba a rubuta tarihi da zube tsantsa. Marubuci na cikin ba da labari sai ya tsaya ya sa baiti biyu ko goma, ya yabi sarki, ya siffanta tsananin sanyi ko kyan wani gari, ko ya tuna wa mai karatu ƙarewar duniya. Haka Nasuhu ya yi a littattafansa na tarihi. Da aruli ake auna baitocin, ma'aunin nan dai da malamanmu masu waƙar ajami suka aro daga Larabci, da ƙafiyarsa da komai. Shi ma lissafi ne, na gaɓa doguwa da gajera. Amma mu faɗi gaskiya, ba a sa shi sahun manyan mawaƙa. A Bagadazan da suka shiga a 1534 akwai Fuzuli, mai waƙa da harshe uku, wanda ya miƙa wa Sarki Sulaimanu ƙasida, ya kuma tsara labarin Laila da Majnun da Turkanci jim kaɗan bayan haka. Gaban irin wannan, baitocin Nasuhu ƴan rakiya ne. Sun yi aikin da aka sa su, sun huta da mai karatu, sun wuce. A kyan rubutu ya fi ƙarfi. Mustafa Ali, wanda ya rubuta littafi a 1587 kan gwanayen alƙalami, ya ambace shi a fannin rubutun diwani, wanda da shi ake rubuta takardun fada.

Akwai wani littafin nasa da ƴan lakwal za su so ji. A 1543 Sarki Sulaimanu ya fita yaƙin Hangari, ya ci Estargon. A shekarar kuma sarkin Faransa, Faransuwa na ɗaya, wanda Sharl na biyar ya matsa wa lamba, ya nemi taimakon Istambul. Aka aika Hairuddin Barbarosa da jiragen yaƙi fiye da ɗari. Suka sauka Marsey, suka haɗu da Faransawa suka kewaye Nis, sannan suka yi sanyin shekarar a Tulon. Sarkin Faransa ya sa mutanen garin suka tashi suka ba su wuri, babbar majami'ar garin ta zama masallaci na ƴan watanni. Littafin Nasuhu kan yaƙoƙin wannan shekara yana ɗauke da zanen Tulon, Marsey, Nis da Jenowa, da jirage jere a bakin ruwa. A nan salon ya ɗan sauya, ya karkata ga taswirorin matuƙan teku, inda ake kallon gari daga cikin ruwa. Mutum ya haura sittin, yana ƙara koyo. Mu da aka koya mana taswirar ƙasarmu yadda Bafaranshe ya zana ta, ba laifi mu san an yi zamanin da musulmi ne ke zana garuruwan Faransa don a kai wa sarkinsa ya gani.

In aka tara sunayen da ya kira kansa da su, uku ne ke dawowa: Silahi, wato na makamai, Matraƙi, na sanda, da Bosnawi. Na biyun farko sana'a ce. Na ukun asali ne, kuma bai jefar da shi ba. Ya yi rayuwarsa cikin Turkanci, ya karanta Larabci da Farisanci, ya yi wa sarakuna uku hidima, amma ya bar sunan ƙasar duwatsun da aka haife shi manne da nasa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, da muke da Bagobiri da Ba'adare da Babarbare da Buzu a sahu ɗaya. Mutanen zamaninsa da sanda da takobi suka fi saninsa. Mai zane kuwa, sai daga baya duniya ta fi kiransa da shi. Wasunku sun ga wani mai sunansa a fim ɗin Turkawa mai dogon zango kan Sarki Sulaimanu. Ku sani masu fim sun ƙara gishirinsu, ba daga can ake ɗaukar tarihinsa ba.

Ya ci gaba da rubuta tarihin gidan Usmanu har tsufansa, na Bayazidu, na Salimu, na Sulaimanu, wasu da zanen garuruwa da tashoshin jirage. Ya rasu a 1564, shekara biyu kafin Sarki Sulaimanu. Littafin zangunan yana nan a ɗakin karatu na Jami'ar Istambul. A 1976 wani masanin tarihi Baturke, Husaini Yurdaidin, ya buga shi da hotunan shafukansa, daga nan ya bazu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa cikarsa shekara 450 da rasuwa cikin ranakun tunawa.

Da yawa daga abin da ya zana yanzu babu su. A Sulɗaniyya ya zana gine-ginen da suka rushe tun tuni, sai babbar ƙubba ta rage. Masallacin Fatih na asali kuwa girgizar ƙasa ta 1766 ta rusa shi, wanda ke tsaye yau sabon gini ne da wani fasali. Masana gine-gine da ke son sanin kamannin na farkon, cikin wuraren da suke dubawa akwai wancan shafi biyu na Nasuhu, inda masallacin ke tsaye a gidansa da ƙubbarsa da hasumiyoyinsa.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Amin.